Ranar da na hana Kawu taɓa 'ya'yan dara

Shekara huɗu ke nan Kawu bai zauna gindin tsamiyar dara ba, kuma ni ne sanadi. Duk wanda ya tambaye ni a Ƙaraye nakan ce ciwon ido ne ya hana shi. Ba ƙarya ba ce tsagwaronta, amma ba ita ce gaskiyar ba. Ciwon idon ya daɗe tare da shi yana dararsa, yana cin mutane yana dariya. Bakina ne ya tashe shi daga wurin.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Beli yake, yana noman dawa da gyaɗa a gonar da ya gada. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, don haka a gidan Kawu na tashi, shi ya sa ni allo, shi ya sa ni firamare, kuma shi ya koya mini dara. Ban yi karatu mai nisa ba, amma dara na iya ta, don a hannun gwani na ɗauka.

Akwai wata tsamiya bayan masallacin unguwarmu, inda dattawa ke haɗuwa bayan la'asar idan aikin gona ya yi sauƙi. A ƙasa ake tona gurabe talatin da yatsa. Mutum ɗaya ya ɗebo tsakuwa goma sha biyu, ɗayan ya kakkarya karan dawa goma sha biyu ya riƙa cakawa a gurbi. A zuba ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a fara tafiya, wanda ya jera uku ya cire wa abokin wasansa ɗa guda. Kawu kullum kara yake ɗauka. Babban abokin karawarsa wani maƙeri ne, sa'ansa, tare aka yi musu kaciya, kuma tun daga ranar ba su daina tsokanar juna ba.

Darar gindin tsamiya ba ta mutum biyu ba ce. Biyu ne a zaune, amma goma ke wasan. Wannan ya miƙo sanda ya nuna gurbi, wancan ya ce kada ka soma, wani ya sa hannu ya matsar maka da ɗa ba ka roƙe shi ba. Idan ka tafi ka ga ka yi wauta, sai ka ce, "A'a, ku dakata, ba haka na nufa ba," ka mayar. Abokin wasanka ya yi ta salati da kiran shaidu, a yi dariya, a ci gaba. Ba wanda ya taɓa tashi da fushi a kan haka.

Maƙeri kuwa ba ya matsa tsakuwa bai yi shela ba.

"To, mai gyaɗa, buɗe kunnenka. Ga ta bakin layi ta gabas na turo ta kusa da karanka na tsakiya. Yau sai ka kwana da yunwa."

Kawu ya ce, "Turo ta mana. Wanda hayaƙin maƙera ya cika wa kai, me zai iya?"

"Ka ga ta kudu ma tana nan tafe, ta biyu daga hannun damanka."

"Ta zo. Gidan ubanta za ta tarar."

A wajen shekara biyar kafin abin da zan faɗa, Kawu ya ɗauki wata ɗabi'a. Kafin ya tafi, sai ya shimfiɗa hannu a kan gurabe ya bi su ɗaya ɗaya, ya shafa kan kowane kara, ya taɓa kowace tsakuwa. Idan aka ce, "Kai, ka yi sauri mana," sai ya ce, "Bari in gaisa da iyalina. Mutum ya aiki ɗansa bai tambayi lafiyarsa ba?" Ba a daɗe ba kowa ya ɗauka. Maƙeri ma ya riƙa shafa tsakuwoyinsa yana yi musu kirari, wai wannan ce uwargida, wannan ce auta. Shelar tafiya ita ma ta zama ta kowa, har waɗanda a da suke wasa bakinsu a rufe.

A nan ne zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Na sha gaya wa mutane cewa ban san idon Kawu ya taɓu ba. Na sani. Na ga yadda yake laluben takalminsa da ƙafa a ƙofar masallaci. Na ga yana jira sai mutum ya yi sallama kafin ya kira shi da sunan da ya dace. Na ga ya ajiye kekensa a soro ya ce wai gwiwa ce ke damunsa. Na ga duk wannan, na ajiye shi a wani lungu na zuciyata inda ba na leƙawa, don ba na son ya zama gaskiya, kuma ba wanda ya furta. Abin da ban yi ba shi ne haɗa wannan da abin da ake yi a gindin tsamiya. Wannan kam ban haɗa ba, kuma ba wani abu ya hana ni ba sai girman kai.

Na koma Ƙaraye ina gyaran babur. Kusa da inda nake aiki akwai rumfar wani tela, babban mutum mai furfura kaɗan a gemu, wanda duk mai dara a yankin ya san da zamansa. A rumfarsa ake darar da suke kira ta gaske. Mutane na zuwa daga Rogo Ruma da Daura ta nan Ƙaraye don su kara da shi. Ba a ƙasa suke yi ba. Katako ne aka fafe masa gurabe, aka goge shi da mai har yana ƙyalli. 'Ya'yan kuwa marafan kwalbar lemo ne, an shafa wa goma sha biyu jan fenti, goma sha biyu baƙi.

Suna da dokoki. Ɗan kallo ba ya magana, ko tari ya zo masa sai ya matsa gefe. Mai wasa ma ba ya magana. Ɗan da ka taɓa, shi za ka matsa, ko da zai rushe maka gida. Idan ka ɗaga hannu, tafiya ta zauna, babu mayarwa. Wanda aka ci ya tashi ya ba na gaba wuri, kuma ba ya bayanin abin da ya sa aka ci shi.

Ranar da na fara zama, na matsa marfi na ga kuskure, na ce, "Au, dakata," na mayar. Tela ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabaransa.

"Injiniya, daga ina ka ce kake?"

Na ce, "Beli."

"To, a nan ba ma tonon ƙasa. Mayar da shi inda ka kai shi."

Wani malamin makaranta da ke tsaye ya ce, "Ku yi masa uzuri, darar kaji ya saba. A tona, a watsa, a yi ta kyarkyara." Aka yi dariya marar sauti, irin ta ƙasan maƙoshi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na yi hankali da na ji haushin malamin. Maimakon haka sai na ji haushin Beli. Na dage da zuwa rumfar, na koyi riƙe hannuna a kan gwiwa har sai na gama lissafin tafiya uku gaba. Cikin shekara biyu na zama ɗaya daga cikin waɗanda tela ke gyara zama idan sun zauna gabansa. Kalmar nan ta darar kaji kuwa ta dawo bakina, na fi malamin yawan faɗarta. Idan baƙo ya zo daga ƙauye ya taɓa ɗa ya saki, ni ne na farkon cewa, "An taɓa." Ina jin daɗin faɗar kalmar. Idan na je gida sai in tsaya nesa da tsamiya in harɗe hannu. Kawu ya ce, "Ɗan nan, zo ka zauna in ga ko Ƙaraye ta ƙara maka wani abu." In ce ina sauri.

Duk da haka ina alfahari da shi a rumfar. Nakan ce ina da kawu wanda da a birni ya tashi da ba a san sunan kowa ba sai nasa. Abu biyu ne a raina lokaci guda: ina so su san daga gidan gwani na fito, kuma ina so su san na wuce gidan.

Bayan kaka aka yi suna a wani ƙauye kusa da Beli, dangin matar tela ne. Ya ce in kai shi a babur. Ni na ce mu biya ta wurin Kawu, kuma ni na sa katakon da marafan a buhu na ɗaure a baya. Tela ya ce, "Me za ka yi da wannan? Mu da za mu gaisuwa." Na ce ai ba shi da nauyi.

Mun isa an idar da la'asar, dattawa sun zazzauna. Tela ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baba, barkanmu da yamma. Mun same ku lafiya? Ya iyali? Ya aka ji da kaka?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Maraba da baƙo. Ya hanya? Ya mutanen Ƙaraye?"

Kawu ya miƙa hannu, hannun ya ɗan kauce gefe, tela ya bi shi ya kama da hannu biyu. Na gabatar da shi da dogon bayani. Maƙeri ya ce, "Au, wannan ne dodon da ake ba mu labari? Mai gyaɗa, yau ranarka ta ɓaci. Tela ne, zai auna ka ya yanka."

Kawu ya ce, "Ya auna. In yadin ya isa."

Tela ya tattare babbar rigarsa ya zauna a ƙasa kamar kowa, ya karɓi tsakuwa daga hannun maƙeri. Ni ina tsaye ina kallon yadda ƙura ke hawa shaddarsa, kunya na cina. Aka fara. Hayaniya ta tashi yadda aka saba, sanduna na nuni, maƙeri ya tsuguna bayan tela yana shelanta duk tafiyar da ya yi.

"Ka ji, ya kai ta tsakiya arewa. Baƙon nan ba shi da kunya, har cikin ɗakinka!"

Kawu ya shimfiɗa hannu yana gaisawa da iyalinsa, kara bayan kara, tsakuwa bayan tsakuwa. Duk taɓawa ɗaya ina jin ta a fuskata kamar mari. Ina satar kallon tela in ga ko zai ɓata rai. Bai ɓata ba. Kawu ya ci shi, ci mai kyau, ya bar shi da tsakuwa biyu. Gindin tsamiya ya kaure da sowa. Tela ya yi dariya ya ce, "Baba, yau na ga dara."

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma ni na riga na hango rumfar Ƙaraye. Na ji muryar malamin makaranta yana cewa ai taron dangi aka yi wa tela, mutum goma a kan ɗaya, kowa hannunsa a ciki. Na so a ce Kawu ya ci shi a darar gaske. Haka na gaya wa kaina. Ƙasan wannan kuma akwai wani abu: na so dattawan nan su ga abin da na iya wanda ba su iya ba.

Na kwance buhu na ajiye katakon a tsakiya.

"Yanzu a yi ta ƙa'ida. Ba magana, ba nuni, wanda ya taɓa ɗa shi zai matsa. Ni ne alƙali."

Maƙeri ya dubi katakon, ya dube ni. "Kai yaro, rana ta yi sanyi. Baƙo na da hanya a gabansa."

Tela ma ya ce, "Injiniya, bar shi haka. Wata rana."

Na ce, "Wasa ɗaya ne. Ko dai Kawu na tsoro?" Cikin raha na faɗa, amma a gaban baƙo na faɗa, kuma na san wanda na faɗa wa.

Kawu ya ce, "Kawo."

Ya ɗauki marfi ɗaya ya juya shi a yatsunsa. Ya ɗauki wani ya juya. Ya ce, "Duk iri ɗaya ne."

Na ce, "Kala ce ta bambanta su. Naka baƙi, nasa ja."

Maƙeri ya ce, "A ba shi karansa mana. Mutum da makaminsa."

Na ce, "Baba, kara ba ya tsayawa a katako." Na zuba wa Kawu baƙaƙen a tafin hannu.

Aka fara zubi cikin shirun da tsamiyar nan ba ta taɓa ji ba. Na lura tela yana buga marfinsa da ƙarfi idan zai ajiye, ƙwas, kuma yana barin hannunsa a wurin ya ɗan jima. A rumfarsa ba ya haka, a hankali yake ajiyewa kamar mai ajiye ƙwai. Har sau biyu ya yi gyaran murya ya ce, "Na sa a kusurwa." Na ce, "Maigida, kai ma?" Ya daina faɗa.

Kawu ya sunkuya har gemunsa na neman taɓa katakon. Ya zuba goma sha biyunsa, ko ɗaya bai sa a kan na wani ba. A lokacin ban san girman abin da nake kallo ba. Mutum ne ke riƙe da gurabe talatin da 'ya'ya ashirin da huɗu a kansa, daga ƙarar marfi da inuwar hannu.

Da aka fara tafiya, ya yi uku lafiya. A ta huɗu hannunsa ya fita da kansa, yadda ya saba shekara biyar, ya sauka a kan marfin farko da ke gabansa.

Na ce, "An taɓa."

Hannun ya tsaya.

"Kawu, an taɓa. Shi za ka matsa."

Tela ya ce, "Ban gani ba."

Na ce, "Ni na gani."

Marfin nan shi ke tare wa tela hanya. Kawu ya matsa shi, tela ya jera uku, ba yadda zai yi, ya cire masa ɗaya. Kawu ya mayar da hannuwansa kan gwiwa ya damƙe su. Maƙeri ya buɗe baki zai yi shela, na ɗaga masa yatsa. Dattijo sa'an kawuna, na ɗaga masa yatsa.

Aka yi tafiya biyar ko shida. Kawu ya daɗe yana tunani, sannan ya miƙa hannu kai tsaye, ba lalube, ya ɗauki marfi ya matsa shi gaba. Ja ne. Na tela ne.

Ba wanda ya motsa. Na ga hannun tela ya taso a hankali, kuma na san yanzu abin da zai yi: zai ci gaba kamar ba a yi komai ba. Na riga shi.

"Kawu, wannan ai ja ne. Naka baƙi. Wai ba ka gani ne?"

Wani daga baya ya ce, "Inna lillahi."

Kawu ya ɗago fuskarsa wajen da muryata ta fito. Bai yi fushi ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ba na gani, ɗan nan."

Ya juya wajen tela. "Baƙo, ka yi haƙuri, na taɓa maka kaya. Allah Ya kai ku gida lafiya." Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya shiga laluben takalminsa da ƙafa. Kullum idan ya tashi, maƙeri kan shure takalman zuwa gabansa yana cewa, "Kwashe tsummokaranka daga hanya." Ranar ya kasa. Ya sunkuya ya ɗauko su da hannu ya ajiye masa. Kawu ya tsaya jim, sannan ya sa, ya bi jikin katangar masallaci ya tafi.

Maƙeri ya jira har ya sha kwana, sannan ya juyo kaina.

"Kai kaɗai ke da ido a garin nan, ko? Shekara biyar muna ihu kamar mahaukata. Ka ɗauka daɗin ihun muke ji? Ni da na tsufa ina yi wa tsakuwa kirari, ka ɗauka taɓuwa na yi? Ba wanda ya tara mu ya ce a yi. Kowa ya gani, kowa ya kama bakinsa, muka mayar da abin wasa don ya zauna cikinmu da mutuncinsa. Kuma cin da yake mana na gaske ne, ba mu taɓa bar masa ko ɗa guda ba. Kai da ya goya, ka je birni ka koyo shiru, ka zo ka faɗi abin da bai kamata a faɗa ba."

Na tattara marafan na zuba a buhu. Muka kama hanya, ni da tela, har muka wuce Rogo. Sannan ya ce daga bayana, "Tun a musabaha na gane. Sau nawa na ba ka hanya ka ƙi bi?" Na ce ai doka doka ce, shi ya koya mini. Ya ce, "Na koya maka ta rumfata. Ban ce ka ɗauke ta a buhu ka kai gidan mutane ba."

Abin da aka furta ba ya komawa. Kafin mako ya zagayo 'ya'yan Kawu sun hana shi zuwa gona shi kaɗai. Masu zuwa gaisuwa suka fara da, "Ya jikin?" Aka kai shi asibitin ido a Kano, aka ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ta lalace, abin da ya tafi ya tafi, sai dai magani na ɗigawa don a riƙe ragowar. Na kama wannan na riƙe. Na riƙa cewa ai da ban yi magana ba da ba a kai shi asibiti ba. Na faɗa wa mahaifiyata haka. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba, ta ce, "Don a kai shi asibiti ka faɗa?" Ban sake kawo wannan hujjar a gabanta ba, amma na ci gaba da kawo ta a gaban wasu.

Sai da na yi wata uku kafin na iya zuwa. Na same shi a soro da hantsi, yana ɓarar gyaɗar iri a ƙwarya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo neman gafara.

Ya ce, "Na yafe tun kafin in sa takalmi. Ƙarya ka yi? Ba ƙarya ka yi ba."

Na ce, "To ka koma tsamiya, Kawu. Suna ta tambaya."

"In koma in yi me? Da, idan maƙeri ya ce ga ta gabas ta zo, zagina yake yi. Yanzu idan ya faɗa, jagora yake yi mini. Shi ya sani, ni na sani, ya kuma san na sani. Miƙo mini wancan buhun."

Ban haƙura ba. Juma'ar da ta biyo na zo da tsakuwa a aljihu, na tona gurabe talatin a ƙasan soron, na kakkarya kara na sa masa a hannu. Na ce mu biyu ne, ba kowa. Ya daɗe yana murza karan. Sannan ya matso, ya shafa guraben ya gyara biyu da suka karkace, ya ce tun ina yaro ba na iya tona layi ya miƙe. Na ce a raina an dace.

Muka zuba. Duk tsakuwar da na ajiye sai in faɗa. "Kawu, na sa a layi na biyu, gurbi na uku daga damanka." "Kawu, na matsa ta arewa, taki ɗaya." A hankali nake faɗa, dalla-dalla, don kada ya rasa komai. Na yi niyyar in sa tsokana a ciki irin ta maƙeri, har na shirya kalmomin tun a hanya. Suka ƙi fita. Kawuna ne, ba abokin wasana ba, kuma bakin da ya yi waccan maganar ba shi da hurumin yin raha da shi. Da na ga zan jera uku sai na kauce, na matsa wata can gefe.

Ya shimfiɗa hannu ya bi 'ya'yan. Ya tsaya a kan gurbin da ya kamata in shiga, ya same shi wayam.

"Me ya hana ka ci?"

"Ban lura ba, Kawu."

"Ka lura." Ya zare kararensa ɗaya bayan ɗaya ya tara a gefe. "Wancan karon ka ce ba na gani, gaskiya ka faɗa. Wannan karon ka ce ban iya ba. Ɗan nan, dara ka zo yi ko jinya?"

Ya sa tafin hannu ya share guraben, ya daddale ƙasar. Ya jawo ƙwaryar gyaɗarsa, ya tambaye ni ko an fara sayen iri a kasuwar Ƙaraye.

Na roƙi maƙeri ya je. Ya je sau biyu, suka yi hira, suka ci goro, suka zagi juna a kan wata akuya da ta ɓata tun suna samari. Da ya kawo zancen dara, Kawu ya yi kamar bai ji ba. Maƙeri ya gaya mini gindin tsamiya ma ya canja. Har yanzu ana wasa, amma an daina shela, an daina gaisawa da iyali, don ba wanda za a yi dominsa. Ya ce, "Mun zama 'yan birni. Ka ji daɗi."

Akwai abu ɗaya da ya rage in faɗa, kuma ya fi mini nauyi. Ban bar rumfar tela ba. Na yi wata biyu ban je ba, sannan na koma, don ina son darar. Kwanakin baya wani manomi ya zo daga wajen Rogo Ruma, ya zauna gabana, ya taɓa marfi ya saki yana dariya. Kalmar nan ta "An taɓa" ta taso mini har bakin haƙora, da daɗinta na da, bai ragu ba ko kaɗan. Na haɗiye ta. Malamin makaranta ne ya faɗa a madadina, ni kuma ban ce masa ya bari ba.

Ina zuwa Beli duk Juma'a ta biyu. Nakan kai wa Kawu maganin ɗigawa da goro, in zauna a soro mu yi zancen damina da farashin taki. Tsakuwoyin nan goma sha biyu suna cikin akwatin babur ɗina, ban sake fito da su ba. Daga soron ana jin lokacin da aka idar da la'asar, ana jin takun dattawa suna zagayawa bayan masallaci. Idan suka wuce, Kawu kan daina magana har sai takun ya ɓace, sannan ya ce, "Ina muka tsaya?"